Ashe Gambara Ce

A unguwarmu ta Ƙurban, nan garin Manzo, kowa ya san Babana a matsayin tsohon falke. Ni na ba shi wannan sana'ar. Gaskiyar magana ɗan gambara ne. Kasuwa-kasuwa yake bi da ganga a ƙasar Maraɗi, yana zambo da habaici, har da batsa, kafin aikin hajji ya kawo shi ya zauna. A garin Manzo wa zai buɗe baki ya faɗi haka? Ko 'ya'yana ban gaya wa ba.

Sai ga babban ɗana ya tashi da ciwon hip-hop. Wando kamar buhu, hula a karkace, yana ta surutu shi kaɗai. Wata Juma'a bayan la'asar, ina shan shayi da maƙwabciyata a falo, ya zauna gaban kakansa yana ba shi tarihin abin, rabi Hausa rabi Larabci.

"Ya jaddi, talakawan baƙaƙen fata ne suka fara a Amurka. Mai sa faifai ya riƙa maimaita wurin gangar, wani ya ɗauki makirufo yana magana a kai. Ya yabi kansa, ya zagi abokin karawarsa, jama'a su ɗau ihu."

"Ya yabi kansa, ya zagi wani?" in ji Baba. "Kai, ashe gambara ce."

Kafin in kawar da zancen, tsohon da ko tashi sai an kama shi ya jawo tiren shayi ya kifa a cinya. Yatsu suka hau kiɗa, baki ya buɗe. Ya wasa kansa, ya gangaro kan wandon jikansa ya yi masa kaca-kaca. Yaron har da faɗuwa don dariya. Maƙwabciyata ta ajiye kofi tana kallona, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Jaddi, min fen? A ina ka koya?" in ji ɗana. "Ƙara, in ɗauka a waya!"

Baba ya tsayar da kiɗan. Ni ya juyo ya kalla, irin kallon da yaro ke yi wa uwarsa in ya fasa kwano gaban baƙi. Ashe duk shekarun nan ya san da labarin falken da na ƙaga. Ya mayar da tiren a hankali.

"A kasuwa na ji ana yi," ya ce, "lokacin ina fatauci."

Wannan kunyar ta fi ta farko, kuma har yau ba ta sake ni ba.