Kwandunan Tumatir a Kan Mota

A unguwar Ali Kazaure na tashi, kuma duk ɗan Jos ya san sanyin garin nan ba ya jiran lokacinsa. Da an idar da magariba, kakarmu Inna takan jawo kaskon gawayi bakin ɗakinta, ta tura dankali cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take kira Maigida, wai miji ne da bai san cefane ba sai cin tuwo. Tatsuniyoyinta duk na dariya ne, ko kura ta kama mutum sai Inna ta samo masa hanyar kuɓuta. Shi ya sa abin da ya faru wata ranar Laraba har yau bai bar kaina ba.

A ranar ne Baffa Sani, ƙanen babanmu, ya sayo wata ƙaramar tsohuwar mota. Na leƙa allon gudunta na ga an rubuta har ɗari da sittin, sai na zo bakin wuta ina cika baki, wai motar gidanmu za ta je Bauchi ta dawo kafin shayi ya huce.

"Wa ya gaya maka?" in ji Inna.

"A rubuce yake, Inna. Da idona na gani."

"Rubutu ba ya tura mota, Maigida. Zauna."

Ba ta yi buɗewar da muka saba ba. Cewa ta yi, "Wannan ba sai kun ce ta zo ku ji ta ba, ta riga ta zo." Muka kalli juna.

Ta ce an yi wani mai lambu a bayan gari, wajen tsofaffin kududdufan haƙar kuza. Yana da 'yar mota mai ƙaramin inji da yake kai kaya kasuwa da ita. Wata rana ya je lambu da matarsa da mahaifiyarsa da 'yarsa ta fari mai shekara uku. Sun cika bayan mota da buhunan dankali, a samanta kuma an ɗaure kwandunan tumatir waɗanda babu komai a ciki, an jera su sun fi motar kanta tsayi. Suna shirin tafiya yarinyar ta shaƙe da ƙwayar gyaɗa. Aka bubbuga bayanta, aka zura yatsa, ba ta fito ba. Numfashinta ya koma fito kamar na tsohuwar buta, sai suka faɗa mota suka nufi asibiti.

Hanya miƙaƙƙiya ce, ba hawa ba rami. Mijin ya take totur har ƙasa, ya sa giya ta ƙarshe, allura ta hau ta tsaya a sittin ta ƙi motsi. Ya ce nauyi ne. Ya tsaya ya zubar da buhunan dankali a gefen titi. Motar ta tashi da wuri fiye da da, amma da ta kai inda ta tsaya ɗazu, kaɗan ta ƙara ta sake cijewa. Ya ƙara tsayawa, ya jefar da safayar taya da jak da akwatin sifana. Kwanduna kuwa ko kallonsu bai yi ba, don a wurinsa kwandon da ba komai a ciki ai ba kaya ba ne.

"Ita matar ta sani," in ji Inna. "Ta yi tallan faifai a iskar Jos tun tana ƙarama. Ta san dutsen niƙa a ka bai hana tafiya kamar faffaɗan abu marar nauyi. In kana tafiya a hankali iska ba ruwanta da kai. Kana ƙara sauri tana ninka turi, har ƙarfinka ya ƙare a kanta. Tana jin yadda kwandunan suke kuka a sama, motar tana rangaji."

Yayata Bilki ta ce, "To me ya hana ta faɗa?"

"Kunya. 'Yar fari ce, ga uwar miji a zaune tana riƙe da ita. A wancan zamani mace ba ta nuna ta damu da ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa. Ta buɗe baki sau biyu tana rufewa. Tana ta jiran wani ya lura."

Sai da leɓen yarinyar ya fara canja launi, matar ta ɗauki wuƙar yankan alayyahu, ta zura hannu ta taga ta yanke igiya. Kwanduna suka watse a titi. Nan take motar ta miƙe kamar an sake ta daga turke, allura ta wuce tamanin. Mijin ya waiwayo ya kalle ta.

Muka gyara zama muna murmushi, don mun san nan ne Inna take kawo kuɓuta. Ni har na fara ɓare dankalina.

"Suka isa," in ji ta. "Ma'aikaciyar jinya ta karɓe ta, ta taɓa wuyanta, ta ce yanzun nan ta cika, jikinta ma da ɗumi."

Dankalin ya faɗi daga hannuna. Na yi ta jiran ta ce wasa take, ko ta ce yarinyar ta yi atishawa ta tashi. Ba ta ce ba, kuma ba ta rufe da ƙurunƙus ba. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban taɓa ji a bakin wutar nan ba. Bilki ta ce, "Inna, wannan ai ba tatsuniya ba ce."

"Ni ma da na so a ce ita ce," in ji Inna. "Yayar babanku ce. Ni na yanke igiyar."

Mu duk mun ɗauka babanmu ne ɗanta na fari. Ashe akwai wadda ta riga shi, kuma a gidan nan ba a taɓa ambatarta a gabanmu ba.

Yanzu na shekara ashirin ina gyaran mota a Laranto. Na gane abin da Inna ta faɗa daidai yake. Ƙaramin inji ƙarfinsa ƙayyadadde ne. Nauyi yana jinkirta tashi kuma yana wahalarwa a hawa, amma a shimfiɗaɗɗiyar hanya iska ce take cinye mafi yawan ƙarfin, inda turinta ya yi daidai da abin da inji yake bayarwa nan gudu yake tsayawa. Direbobi suna zuwa su ce, "Oga, motar nan ba ta ja," in ɗaga kai in ga katifa uku a sama. Wani lokaci nakan yi musu faɗan da ya wuce laifinsu, su tafi suna mamaki.

Ban san ko mintunan nan da sun ceci yarinyar ba, rai na Allah ne. Abin da na sani shi ne Inna ta yi shekara arba'in tana auna su, kuma ba ta taɓa ɗora wa kakanmu laifin tsayawa sau biyu ba. Shirunta take tuhuma.

Da aka haifa mini 'yar fari, Inna ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi. Ta sa aka kira ni, ta ce in sa mata Hauwa'u. A ranar na fara jin sunan yayar babanmu da ta rasu. Mata suka ce to a nemo laƙabi a sakaya, tunda sunan babba ne. Inna ta ce ba za a sakaya ba. Ta kuma kira matata ta ce, "Ke ma ki riƙa kiranta da sunanta, ko a gaban wa."

Wata bakwai ta ƙara a duniya. Kullum da safe, tun kafin a hura wuta, daga ɗakina nake jin muryarta tana cewa, "Hauwa'u, Hauwa'u, ku kawo mini ita."