Ranar da na kai surukaina kan dutsen Birni

Shekarar da ɗana ya auro ƴar Yamai, iyayen yarinyar suka zo ganin gida. Mutanen bakin kogi ne, ba su san ruwa na ƙarewa ba. Alhaji, tsohon mushen lakwal, wato malamin makaranta, wanka biyu yake yi a yini. Hajiya kuwa kofin shayi ɗaya sai ta ɗauraye shi sau uku. Mu ko pamponmu ya fi mako biyu bai ɗiga ba.

Ni da aka haifa cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, kakana na da raƙuma tun ana zuwa Agadas a ƙasa, a ce baƙo ya nemi ruwa a gidana ya rasa? Na sa ƴata ta kwashe bidoji, wato jarkokin ruwa, da bokitai ta kulle a ɗakin hatsi, kada su ga kamar gidan ƴan ga-ruwa suka sauka. Kwana biyu muna ciyar da mutunci daga randa. Rana ta uku, randa ɗaya ta rage, ita ma rabi.

Sai na ce, "Alhaji, a zo Damagaram a koma ba a ga gari ba? Ku tashi." Lissafina, mutumin da ke yawo ba ya wanka.

Muka shiga motar ɗana. Na nuna musu guntun ganuwa, na nuna gidaje masu zane a goshi, na kai su majema har Hajiya ta toshe hanci. Daga nan muka hau dutse. Kowane labari na ja shi, wanda ban sani ba na ƙara masa gishiri. Alhaji yana ta ɗaukar hoto yana cewa, "Ikon Allah!"

Ina tsakiyar labarin wani yaƙi ke nan ƴata ta taɓa ni. "Inna, dubi gabas."

Hadari ne baƙi ƙirin, ya haɗo tun daga wajen Zermu. Iska ta taso ta fizge hular Alhaji, ɗana ya bi ta a guje. Alhaji ya ce mu fake a wani zaure har a ɗauke. Ni kuwa na shiga lissafi. In mun fake, indararona uku za su yi ta zuba a ƙasa, gobe ba na alwala. In mun koma, sai an buɗe ɗakin hatsi a gabansu.

Na ce, "Gida. Na bar shanya."

Muna shiga unguwa aka kece da ruwa. Kowace ƙofa mata ne da roba da tulu. Alhaji ya ruga ɗaki. Na tsaya da makulli a hannu ina jiran Hajiya ta bi shi, ta ƙi. Ta karɓe makullin, ta ɗaure zane, ta fara jido bidoji. Ta tura bokiti ƙarƙashin indararo, na janye.

"Ba yanzu ba, Hajiya. Na fari wankin soro ne, kashin tantabara za ki ba mijinki?"

Ta yi dariya har da riƙe bango. "Ai tun ranar da muka zo na ga yanar gizo a bakin pampon nan."

"To don me kike ɗauraye kofi sau uku?"

"In na rage, ai kin gane na gani."

Na miƙa mata mazurari, muka cika duk abin da ke da baki a gidan, har tukunyar tuwo.

Da la'asar Alhaji ya yi wankansa na biyu, ya fito yana goge wuya, ya ce bai taɓa jin ruwan pampo mai laushi kamar na Damagaram ba. Na ce haka yake tun zamanin kakana. Hajiya ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali.