Turka ko Dillanci: Zuwanmu Tsaskiya da Zinatu

Karare

Asubar Laraba, ladan bai ko gyara murya ba, na riga na ɗaura zanen fita, na ƙulle goro a haɓar mayafi, na tashi jikata Zinatu. Ku matan Karare da kuka ishe ni da tambayar abin da ya fitar da tsohuwa kamata a wannan marra, ga labarin nan, ku ji shi sau ɗaya ku bar ni in huta.

Zinatu ɗiyar ɗana Lawal ce, Allah ya jiƙan shi. Tana jami'a, tana karatun harkar kuɗi. Makaranta ta ce kowa ya nemi inda zai yi wata shida yana koyon aiki. Wasu ko wuri ɗaya ba su samu ba, ita wurare biyu suka kira ta, duka a Legas, kuma sai ta ba su amsa kafin a sauko Juma'a. Na ce ta faɗa mani da Hausa mi kowane ke yi.

Ta ce, "Iya, na farkon kamar ke suke. Kamfani suke nema wanda ya rame, su saye shi, su zuba mashi jari, su gyara shi, bayan shekaru su sayar. Turka dai, yadda kike ɗaure ramammen rago ki ciyar da shi ya yi ƙiba. Na biyun sunan shi banki, amma ba na ajiya ba ne. Ba su mallaki komi ba. Mai sayar da kamfani da mai saye suke haɗawa, su karɓi la'ada."

Na ce, "Dillalai ke nan. To mi ya rage a yi shawara?"

Duk Karare wa bai san ragunana ba? Da turka na kai yarinyar nan inda take, kuma raina ya daɗe yana son in ga mai gadona. Sai dai ƙanena Sale, dillalin dabbobi a Tsaskiya, shi ma ya sa hannu a karatunta, kuma shi ne babban namijin da ya rage mana. Dole a ji ta bakin shi. Ni kuwa ba a yi mani ciniki ta waya, balle da dillali. Na ce da ƙafata za ni.

Muka jira gari ya yi haske, don yanzu ba mai bin hanya da duhu. Masu babur biyu suka ɗauke mu. Nawa ya ce, "Iya, riƙe ni da kyau." Na ce, "Kai dai riƙe babur ɗinka, ni jaki mai tutsu na hau tun ba a haifi babanka ba."

Batsari

Hantsi bai yi ba muka iso tasha. Na sayi ƙosai da koko. Ƙosan bana sai kin kanne ido ki gan shi. Na tambayi mai suyar ko na yaye ne, ta ce in je in tambayi mai wake.

Kuɗin mota ya ninka abin da na sani. Direba ya rantse da mai, na rantse da furfurata, muka haɗu a tsakiya. Aka cusa mu huɗu a baya, har da wani malamin makaranta da aka tura Safana. Da ya ji hirarmu sai ya gyara zama ya ce, "Yarinya, bar wannan duka, ki nemi aikin gwamnati, shi ne rufin asiri."

Direba ya leƙo ta madubi ya ce, "Malam, ba kai ne ɗazu ka ce in yi maka ragi wata ya yi nisa ba?"

Har malamin sai da ya yi dariya.

A shingen farko soja ya leƙo ya ce ina zuwa. Na ce, "Ɗana, gardama za ni in kashe." Ya ce Allah ya ba mai gaskiya sa'a. Na ce ai ka yi mani addu'a, na miƙa mashi goro. A na biyun 'yan sa-kai ne, suka duba but ɗin motar suka ɗaga mana hannu.

Daga nan kowa ya zuba wa gefen hanya ido. Gero da dawa sun yi kyau, amma wuraren da na sani cike da garke sai turaku tsaye babu igiya. Zinatu ta matso kunnena ta ce, "Iya, mai turka in aka kore dabbar, shi ke da asara ko?" Na ce ta gyara mani ƙafa, ta danne ni. Ta san bana rago ɗaya tal na ɗaure, saboda dusa da harawa sun fi ƙarfin mutane. Ban ga dalilin da zan tattauna wannan a gaban malamin makaranta ba.

Safana

Mun sauka ana kiran azahar. Muka yi salla a gidan wata mai fura kusa da tasha, ta dama mana mai kauri, nonon dai an yi mashi baƙo da ruwa. Nan wayar Zinatu ta samu layi ta hau kuka kamar ɗan akuya. Duka wuraren biyu ne ke yi mata tuni kan amsa. Na ce, "Kin gani, turkakken rago ba ya rasa mai taya." Ta yi murmushi, amma furar rabi ta sha.

Hanyar Tsaskiya ta ƙasa ce, ruwa ya cinye ta. Sau biyu na sauka na taka, babur na bina a baya kamar shi ne fasinjan.

Tsaskiya

Sale na zaune gindin itacen bedi a ƙofar gida, da maƙwabta uku. Ya miƙe ya rusuna.

"Yaya, ke ce da kanki? Sannu da hanya. Ina gajiya? Ya mutanen Karare? Ya ruwa? Ya ƙarin haƙurinmu?"

Sai da muka gaisa har kan jikoki da awaki, sannan ya dubi Zinatu ya ce, "Amaryata, an ce Legas za ki gudu ki bar ni da tsohuwa?"

Ta ce, "Wa zai zauna da ango mai haƙori huɗu?"

Matar shi Hajo ta kawo tuwon dawa miyar kuka. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, maƙwabtan ma suka shigo, don sun ji ƙanshin gardama. Ni na fara. Na ce mai turka shi ke da dabba, shi ke da suna. Dillali kuwa bakin shi ne jarin shi, ya yini yana rantsuwa a kan ragon wani, yamma ta yi ya koma gida da igiya.

Na jira ya yi tsalle. Bai yi ba. Ya ɓare goro ya ce, "Gaskiyarki, Yaya. Ga ni na tsufa, ko tunkiya ban ajiye ba. Abu ɗaya zan tambaya. Ke da kike duban ramammen rago ki ce wannan zai yi nama, wa ya koya maki?"

Na ce, "Da shi aka haife ni."

"A'a, da ƙwaryar fura dai. Shekara nawa kika yi kina kai wa Baba da abokan shi dillalai fura a kara, kasuwar dabbobi, kina tsugune kina kallon suna taɓa ƙugu, suna buɗe baki, suna taya suna fasawa? Dabbar da kika gani a kasuwa ɗaya, mai turka ba ya ganin ta a shekara goma."

Maƙwabta suka ce ƙwarai. Na harare su ɗaya bayan ɗaya.

Sai Zinatu ta yi magana, kanta ƙasa. Ta ce, "Iya, abin da ke raina ke nan. Wurin masu turka, wata shidan nan kamfani ɗaya ko biyu zan gani. A bankin zan ga da yawa, ramammu da masu ƙiba, in ga yadda ake sa masu kuɗi. An ce ba a barci a can, kuma masu turka ba su cika kiran mutum sau biyu ba. Ina jin tsoro. Amma ban son in riƙe igiya ban san rago ba. Kara nake son in fara shiga."

Sale ya tafa hannu kamar yana tsakiyar kasuwa. "To Yaya, an taya. Mi kika ce?"

Raina a ɓace, na ba shi amsar da mai dabba ke ba wanda tayin shi bai kai ba. Na ce, "Albarka."

Kafin in rufe baki ɗan banzan nan ya ɗaga hannu sama. "Kun ji da kunnenku, ta sa albarka! A shafa!"

Maƙwabta suka ce amin, Hajo ta rangaɗa guɗa daga madafa. Ku faɗa mani, wace kaka ce za ta miƙe a gaban mutane ta ce a dawo mata da albarkar da ta sa wa marainiya? Na shafa tare da su. Na dai gaya wa Sale cewa ko a lahira ba zan ba shi ragona ya sayar ba.

Komowa

Da safe Hajo ta ƙulle mana ƙuliƙuli da kuka. Har muka iso Safana fuskata a murtuke take. Muka zauna kan benci muna jiran mota ta cika. Layi ya dawo, ga waya a hannunta, amma ba ta taɓa ta ba. Na gaji na ce, "Ba ki aika masu ba? Gobe fa Juma'a."

Ta ce, "Iya, a gidanki na tashi. Na san albarkar kasuwa kika yi. In ba ki sallama ba, masu turkar zan amsa wa, kuma ba za ki taɓa jin na yi ƙorafi ba."

Na dube ta. Hancin Lawal, taurin kaina. Na ɗan jima ina gyara ɗaurin kallabin da bai kwance ba.

Na ce, "Su masu turkar, mi za ki ce masu?"

"Zan ce a'a, na gode."

"Kul! Ba a cewa a'a. Ki nemo yadda ake cewa albarka da Turancinku, yadda mutum zai tafi bai ji haushi ba, ya zagayo wata kasuwar."

Ta ce za ta nemo. Na kama hannunta na dama, na buga a nawa yadda ake yi a kara, na ce, "Je ki ga dabbobi. Na sallama." Ta rubuta wa bankin ta amince, ta aika, sannan ta kifa kai a cinyata a tsakiyar tasha, ƙatuwar budurwa, har ɗan kamasho na tambaya ko rasuwa aka yi. Na ce mashi ciniki ne ya faɗa.

Mun shigo Karare rana ta yi sanyi, ba abin da ya same mu sai ciwon ƙugu. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Hajo da tuwonta, da mai furar Safana, da sojan da ya yi mani addu'a. Sale kuwa, ku gaya mashi na gaishe shi, amma la'ada ba ya da ita.