Ranar da Aka Kore Ni Daga Ɗakin Duba Surukina

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da wani abokina mai mota. Matata ta haɗo ni da man zafi in kai wa mahaifinta, manomin albasa a wani ƙauye kusa da Kajiji. Kwana biyar ke nan ciwon baya ya hana shi miƙewa.

A Boɗinga muka karya da masa. Ta ƙanƙance, kuɗinta ne kawai ya girma. Har Shagari kwalta ce. Da muka sauka daga kanta kuwa, babu ramin da bai gaisa da ƙugunmu ba.

Mun iske tsohon kwance, an ɗaure masa ƙugu da rawani. Muka ɗauko shi zuwa wani ƙaramin asibiti a Shagari. Mutum uku ne a gabanmu, duk masu ciwon baya. Ma'aikacin lafiyar bai tura kowa hoto ba. Maganin rage zafi ya ba su, ya ce su daina wuni a kwance, su riƙa tattaki, su durƙusa in za su ɗaga buhu. Na ɗauka mu ma haka za mu ƙare.

Da layi ya zo kanmu na shige na tsaya a kan tsohon, wai ni suruki nagari. Ma'aikacin ya shiga tambaya. Ya faɗi ne? A'a. Zazzaɓi? Babu. Fitsari fa?

"Lahiya lau," in ji tsohon, idonsa a ƙasa.

Ma'aikacin ya dube ni. "Kai wa kake gare shi?"

"Ɗiyatai nika aure."

"To hita ka ba mu wuri."

Ban daɗe a gindin dalbejiya ba ma'aikacin ya fito da takardar tura mu gaba, ya yi mini bayani. Tsohon ya yarda a gaya mini, in dai ba da bakinsa ba: tun jiya fitsari ke kufce masa, kuma ba ya jin tsakanin cinyoyinsa. Jijiya ce ta danne. In ba a kai shi babban asibiti yau ba, zai iya rasa tafiya.

Muka sa shi a mota. Ba mu tsaya ko'ina ba sai Sakkwato. An yi masa aiki, bayan 'yan kwanaki ya taka zuwa ƙofa da sanda.

Na koma gida da man zafin ko buɗe shi ba a yi ba. Abin da na koyo kaɗan ne: in ka kai surukinka asibiti, ka tsaya a bakin ƙofa. Tsohon nan ya gwammace ya rasa ƙafafunsa da ya faɗi maganar nan a gabana.