Iskar da Ta Kwantar da Gwaggo

Ko zan manta komai na zamana a Makka, ba zan manta ranar da kalma ɗaya ta kusa raba ni da Gwaggo ba. Shekaru sun ja, amma har yau in wani ya ce mini "iska", sai na tsayar da shi na tambayi wacce yake nufi. Ana yi mini dariya, ni kuwa na san abin da na gani.

Lokacin ni da maigidana muna zaune da Gwaggo, yayar mahaifina, a ƙasan wani tsohon bene a Utaibiyya. Ita tun tana budurwa ta zo ta hanyar Sudan, Hausarta duk ta cakuɗe da Larabci. Sana'armu tuwo da miyar kuka, muna kai wa alhazan da ke sauka a Jarwal. In aikin hajji ya matso tukwane kan yi mana yawa, ga maiƙo, shi ya sa muka sa aka kafa mana sakkan, wato injin dafa ruwa mai aiki da gas, a lungun wanke-wanke. Wani bawan Allah ɗan Damagaram mai aikin famfo ne ya kafa shi. Ya fitar da bututun hayaƙin ta bangon titi, can sama, ya kuma huda wata kafa a ƙasan bango ya sa mata raga. Ya yi ta bayanin amfanin kafar, ni kuwa hankalina na kan miya.

Ana nan sai tattabara ta yi sheƙa a bakin bututun. Na ɗauko sanda zan tsokale ta, Gwaggo ta riƙe mini hannu.

"Haram alaiki! Tattabarar Harami za ki kora? 'Yar nan, ina hankalinki?"

Na san gaskiya gare ta, a garin nan ba a tayar da tsuntsu. Sai wayona ya motsa. Na zare bututun daga ciki, na lanƙwasa shi na zura ta ƙaramar tagar manwar, wancan ramin da ake bari a tsakiyar bene don haske ya shigo. Bakinsa ya tsaya daidai ƙarƙashin tagar ɗakinmu, inda mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yake. Kafar ƙasa kuwa da ma haushinta nake ji, zafi da kyankyasai duk ta nan suke shigowa, sai na cusa mata tsohon buhu. Ranar har yaba wa kaina na yi.

Ba a yi mako ba ciwon kai ya fara. Kullum da hantsi, in mun yi nisa a wanke-wanke, sai kaina ya yi nauyi, jiri ya riƙa ɗibata, Gwaggo ta ce ƙafafunta ba nata ba ne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da mun fita kai tuwo Jarwal sai mu warware sarai. Mu dawo gida mu kunna ruwa, abu ya dawo. Na ce zafi ne, na ce hawan jini ne, har daddawa na zarga na zubar da ita. Maƙwabciyarmu ta shigo hira, ita ma ta fita tana dafe goshi.

"Wane irin ciwo ne ya san ƙofar gida?" in ji Gwaggo. "Gidan nan akwai masu shi, kin taɓa musu wuri. Iska ce."

Na musa da baki, amma zuciyata ta fara karkata.

Ranar da abin ya faru, maigidana yana Arfa wurin aikin kafa tantuna, mu biyu ne a gida, tukwane sun kai goma. Sakkan ya riƙa mutuwa yana tashi, wutarsa da na sani shuɗiya ta koma ruwan ɗorawa, saman murfin ya yi baƙi. Na kira mai gyaran, ɗan Damagaram ɗin nan da ya kafa shi. Yana wurin gini, ƙarar inji ta cika wayar. Na faɗa masa launin wutar, na ƙara da cewa ga mu nan ma ciwon kai ya hana mu sakat. Sai na ji ya ɗaga murya.

"Hajiya, iska ce! Wallahi matsalar iska ce! Maza ku..."

Wayar ta yanke. Na tsaya riƙe da ita ina tunani. Mutumin da ba ya rabo da sifana da guduma, shi ma abin da ya gani ke nan? Na juya na ce wa Gwaggo, "Shi ma ya ce iska ce."

"Shufti? Kin gani? Ba na faɗa miki ba? Yalla, kawo kasko."

Muka yi abin da muka sani. Na rufe ƙofa da tagogin titi ruf don turare ya kama ɗakin, na hura gawayi, Gwaggo ta zuba habbatus sauda da luban. Na kunna karatu a waya na ajiye kusa da ita, na koma kan tukwanena na sake kunna sakkan. Sau uku mai gyaran yana kira yana katse mana karatun, sau uku ina kashe kiran ina tsaki. In na tuna wannan tsakin, har yanzu kunyar kaina nake ji.

Can na yi wa Gwaggo magana, shiru. Na sake kira, shiru. Na leƙa na gan ta ta zame daga jikin bango, carbi ya faɗi daga hannunta. Na yunƙura zan je wurinta, gwiwoyina suka ƙi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, kuma abin da ke raina kawai shi ne sun gama da ita, saura ni. A haka na ji ana dukan ƙofa kamar za a ɓalla ta.

"Iftahi! Hajiya, buɗe!"

Da rarrafe na kai ga sakata. Mai gyaran ne, ya baro aikinsa ya hau tasi. Ya toshe hanci da hularsa, ya kashe tukunyar gas, ya wangale tagogi, ya yi waje da kaskon. Matan maƙwabta suka ɗauko Gwaggo zuwa bakin titi, wani ya kira motar asibiti. Ina zaune a ƙasa ina haki na ce masa, "Malam, sun kama ta."

"Su wa?"

"Iskokin da ka ce."

Ya dube ni baki buɗe. "La haula! Hajiya, hawa nake nufi, hawa!"

"Hawa ina kuma?"

Na manta sam cewa da Larabci haka ake kiran iskar da muke shaƙa. Sai da ya dafa ƙirjinsa ya ja numfashi ya sauke, sannan abin ya faɗo mini. Na fashe da kuka.

Kwana biyu Gwaggo ta yi a asibiti da abin numfashi a fuska. Likita ya ce guba ce ta wutar da ba ta samu isasshiyar iska ba, ba ta da wari, ba ta da launi, kuma gawayin da muka hura ƙara ta ya yi. Da mai gyaran ya dawo, ya zaro buhun nan ya ɗaga shi ya nuna mini. Daga baya ya yi mini bayanin da na ƙi saurara tun farko. Wuta numfashi take yi kamar mutum: ta kafar ƙasa take shaƙa, ta bututu take fitarwa. Bakin bututun dole ya fita sarari, nesa da taga da ƙofa da mukayyif. Manwar kuwa rijiya ce, hayaƙin zagayawa yake yi ya dawo ɗaki. Ya huda sabon wuri a bangon titi, nesa da sheƙar, ya sa masa murfi mai raga. Tattabarar ba wanda ya taɓa ta, har ta ƙyanƙyashe.

Da Gwaggo ta dawo gida na durƙusa na zayyana mata komai, na roƙi gafara. Ta saurara har ƙarshe, ta gyara mayafi ta ce, "Tayyib. To ai ni ma abin da na faɗa ke nan tun farko, iska ce."

Na yi dariya da hawaye, na bar mata. Amma tun ranar na daina toshe abin da ban san dalilin huda shi ba, na kuma daina ɗaukar rabin magana na cike sauran da tsorona. Da na ɗaga kiran nan na farko na ce masa "wace iskar?", da Gwaggo ba ta kwana asibiti ba.