Gayyar da Muka Yi wa Filin Tsamiya

Har yau idan na ɗauko hanyar Bakura daga Mafara, ina zuwa daidai bakin garinmu sai in kawar da kai in dubi gefen gonaki. Ba na son ganin jerin shagunan nan masu jan ƙofa. Mutane na cewa na cika riƙo. Na yarda, ina da riƙo, kuma a kan wannan maganar ban ga ranar da zan huce ba, don da hannunmu muka share wurin muka miƙa.

Kafin shagunan, fili ne muke kira filin tsamiya, saboda wata tsohuwar tsamiya da ke kusurwarsa ta gabas. In faɗi gaskiya, ba wani filin a zo a gani ba ne. Kwazazzabo ya raba shi biyu, da damina ruwan rabin gari ta nan yake bi. Gefe guda kududdufi ne inda kakanninmu suka haƙi ƙasar gini, ɗaya gefen juji ne da tumfafiya da tsidau. Abin da ya rage mai amfani tsiri ne guda, daga gindin tsamiya zuwa bakin kwazazzabon, wanda ƙafafun yara suka daddaɓe ya yi sumul kamar daɓen ɗaki. Nan ake ƙwallo, nan ake langa, nan 'yan mata ke gaɗa ranar salla. Samarin Garbadu da na Kaya sun sha zuwa su buga da namu, su tafi suna mana dariya wai mu kaɗai ke da filin da mai tsaron gida ya fi tsoron rami a kan ƙwallo. Tun da na yi wayo ban taɓa jin wani ya ce filin nasa ne ba. Wa zai so shi?

Yayana ne ya sa maganar filin ta zama tawa. Manomin rani ne, ya yi shekaru yana shinkafa da albasa da ruwan dam ɗin Bakolori, kuma wajen daidaita fangalin ban ruwa babu kamarsa: da ido kawai zai dubi ƙasa ya gaya maka inda ruwa zai kwanta. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Da ya fara farfaɗowa likita ya ce abin da ya rage shi ne tafiya, kullum, a shimfiɗaɗɗen wuri, in ba haka ba ƙafar za ta sandare. To ina wurin? Lungunanmu daga kwata sai baburan 'yan kabu-kabu, gona kuma kunyoyi ne da hanyoyin ruwa. Sai tsirin nan. Kowace safiya idan rana ta ɗan ɗaga in goya shi a babur, in sauke shi gindin tsamiya, ya kama sandarsa ya fara jan ƙafa. Da farko rabin tsirin yake kaiwa ya tsaya yana haki. Kafin shekara ta zagayo yana zuwa bakin kwazazzabo ya dawo sau uku, har yana mini gori wai ni mai ƙafa biyu sai zaman babur na iya.

Da aka gama zaɓe, wanda muka jefa wa ƙuri'a ya zama ɗan majalisa, sai muka ga lokaci ya yi da za mu nemi a gyara mana filin. Da yake na yi aikin koyarwa a firamare, ni aka ɗora wa rubutu. Ba mu nemi abin da ya fi ƙarfinsa ba: sandunan gola na ƙarfe, 'yan bencinan siminti a gindin tsamiya don tsofaffi, famfo guda, sai takardar da za ta nuna filin na jama'ar gari ne.

Sau huɗu muna zuwa gidansa, ni da wani dattijon unguwarmu da muke sakawa gaba a irin wannan tafiya. Zuwan farko aka ce ya yi tafiya. Na biyu aka ce ya tafi gaisuwa Maradun. Na uku muka zauna a benci tun hantsi har azahar muna kallon motarsa a cikin gida, ana ce mana ba ya nan. Wannan fa mutumin da lokacin kamfe har cikin zaurenmu ya durƙusa ya gaida yayana, yana kiransa baba. A zuwa na huɗu muka samu shiga. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da iyali da ruwa da gajiya, ya karɓi takardata ko buɗewa bai yi ba ya miƙa baya. Amma ya ce, "Za ni taho in gani da idona." Muka fito muna murna kamar an riga an kafa famfon.

Daga nan ne na tafka kuskuren da har yau yake cina. A garinmu ba a tarbar baƙo a kan juji. Ko talaka ne zai zo maka, sai ka share ƙofar gida, ka yayyafa ruwa, ka shimfiɗa tabarmar da ba ka zama a kanta. Bayan sallar Juma'a na miƙe a ƙofar masallaci na ce abin kunya ne babban mutum ya zo ya iske filinmu da rami da bola. Na ce mu yi gayya, ya ga mun yi namu, kunya ta sa ya yi nasa. Kowa ya ce madalla. Ko mutum ɗaya bai ce a tsaya a yi tunani ba, kuma da wani ya faɗa, na san kaina, da na ce masa baƙin ciki yake yi.

Wanda ya fi kowa murna shi ne yayana. Ya kira ni ya ce, "Auta, in kunka cike ramin ga ba ku yi ma ruwa hanya ba, aikin banza kunka yi. Ku aje ni can in gwada muku."

Haka aka yi. Asabar huɗu a jere gari ya fito da shebur da diga da kwanon sarki. Masu amalanken shanu suka riƙa jido ƙasa da tsakuwa, mata suka aiko da hoce da kunun zaƙi. Yayana na zaune a kujerar roba gindin tsamiya, yana nuni da sandarsa: a sare nan, a ƙara can, a daddaɓe wancan. Ya fitar wa ruwa sabuwar hanya ta gefen kudu, ta zagaye filin ta faɗa wani kwari a bayan gari. Wanda ya yi ha'inci ya sha faɗa, ni kaina sau biyu yana sa ni in kwashe abin da na zuba. Tun da ciwon ya same shi ban ga ya yi dariya irin ta waɗannan kwanakin ba. Muka cike kwazazzabo, muka cike kududdufi, muka ƙone jujin. Da muka gama, filin ya ninka tsohon tsirin sau uku, shimfiɗe daga bakin kwalta har gindin tsamiya.

Ranar zuwansa muka kafa rumfa, muka jera kujeru, muka yayyafa ruwa. An ce mana da hantsi, sai bayan la'asar motoci suka iso. Dattijonmu ya miƙe ya yi godiya, ya yi addu'a, ya faɗi sandunan gola, ya faɗi benci, ya faɗi famfo, ya zauna. Na taɓa shi na raɗa masa cewa ya manta da takarda. Ya ce, "Ban mance ba, Malam. Ba a tambayar baƙo takarda gaban jama'a, sai shi ga kamar ba mu yarda da shi ba." Ni kuma da bakina da komai na bar maganar. Ɗan majalisa ya tashi ya zuba mana romon baka, ya ce bai taɓa ganin gari mai haɗin kai irin namu ba. Muka yi ta tafi.

A cikin tawagarsa akwai wani mai farar shadda da baƙin tabarau wanda bai zauna ba. Ana ta jawabi shi yana can yana taka filin da dogayen taku, daga kwalta zuwa tsamiya, daga kudu zuwa arewa, bakinsa na motsi. Na ɗauka wurin kafa sandunan gola yake aunawa, har ruwan sanyi na kai masa da kaina. Da ya gama ya zo ya rusuna gaban yayana ya gaishe shi, ya ce, "Baba, da damina ruwa na kwanciya nan?"

Yayana ya gyara zama. An taɓo masa inda yake so. "Ko ɗigo," ya ce. "Ni na hidda mai hanya, ga ta can kudu. Hilin ga ko gini ka aza mai ba ya motsi."

Mutumin ya yi murmushi ya ce Allah ya ƙara lafiya.

Ba a yi wata biyu ba, wata safiya na kawo yayana tafiyarsa muka iske turaku masu jan fenti an kafa su layi-layi daga bakin kwalta. Na ce masa ƙila aikin ne aka fara. Ya daɗe yana duban tazarar da ke tsakanin turakun, sannan ya ce, "Auta, wanga ba awon ƙwallo ba ne." Cikin mako guda tifa ta fara sauke yashi da bulo.

Wannan karon ban jira dattijo ba, ban kuma zauna a benci ba. Na shiga gidan ɗan majalisar ana riƙe ni ina fizgewa, na iske shi a falo da mutanensa. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, abin da ban taɓa yi wa babba ko yaro ba. Na ce, "Ranka shi daɗe, sandunan gola munka roƙa. Wa ya roƙi shaguna?"

Ko a jikinsa. Ya ce, "Malam, ci gaba ne ya zo muku. Wurin ga bakin hanya ne, ya fi ƙarfin ƙwallo."

Na ce filin jama'a ne, da guminmu muka gyara shi.

"To, ina takardarku?"

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Takardar da muka zo nema wurinsa, wadda muka ji kunyar tambaya don kada ransa ya ɓaci, ita yake tambayata a gaban mutane. Daga nan sai ya sassauta murya, ya ce kada in damu, an riga an ware mana wani wuri. Washegari aka kai mu muka gani. Bayan gari ne, kwarin nan da yayana ya tura wa ruwa, ga juji ga ƙaya. Wanda ya raka mu har yana cewa ai mu mutanen gayya ne, wata guda ya ishe mu. Rainin wayon da ya fi wannan ban taɓa gani ba. Shekara da shekaru muninsa ne ya tsare mana filin tsamiya, mu kuma don girmama baƙo muka wanke shi tas muka nuna musu.

Na rubuta takardu, na bi ofisoshi, na sha je ka ka dawo har takalmina ya cinye. Masu ƙwallo suka koma buga ta a gonakin da aka girbe, ranar da mai gona ya ga dama. Tsamiyar dai ba a sare ta ba, wani mai faci ne ya kafa injinsa a gindinta.

Yayana ya gwada tafiya a gefen kwalta. Ranar wata Talata, motocin albasa na tururuwa zuwa kasuwar Mafara, wani ɗan kabu-kabu ya kauce wa mota ya gogi sandarsa, ya faɗi. Bai karye ba, amma tsoro ya shige shi. Ya koma tafiya a cikin zaure, taku shida zuwa bango, taku shida dawowa. Wannan ba tafiya ba ce, kuma ƙafar ta sani. Kafin damina ta yi nisa sai an riƙe shi yake kaiwa bayan gida.

Wata rana aka wuni ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke, ya ce in kai shi filin. Na yi ta kawo uzuri, ya ce ba shawara yake nema ba. Na goya shi, ya riƙe ni da hannunsa mai lafiya, muka tsaya a bakin shagunan. Ƙofofinsu a bushe, ko taɓo babu. Ta gefen kudu kuwa ga ruwan rabin gari yana gudu a hanyar da ya fitar masa, bai kauce ko taku ɗaya ba.

Ya daɗe yana kallo. Ina jin numfashinsa a bayana.

"Ka gani, Auta?" ya ce. "Ko ɗigo bai kwanta ba."

Na tambaye shi ko in sauke shi ya ɗan taka. Ya ce a'a, mu koma gida. Da muka isa ya miƙa mini sandar ya ce in rataye ta a bayan ƙofa, kuma tana nan inda na rataye ta.