Kaset ɗin Ranar Lahadi

Ranar Litinin ce, ranar hutuna. Na tashi ƙarfe biyar da rabi, na yi salla, na ɗora ruwan zafi. Ƙarfe bakwai na kai wa Baba koko da ƙosai uku a falo. Ya riga ya zauna a kujerarsa, sandarsa jingine da gwiwa. Ya cire ƙyallen da yake rufe talabijin da shi, ya ninke shi huɗu, ya goge gilashin da hannun rigarsa. Kullum haka yake yi. Akwai wuta ranar. Har mun yi mamaki, don kwana biyu ke nan ba a ɗauke ba.

Gidanmu yana unguwar Television, kudu da kogin Kaduna. Mu biyu ne a ciki tun rasuwar mahaifiyata. Katanga ɗaya ta raba mu da gidan Baba Ayuba, mutumin kudancin jihar, wanda ya yi ritaya daga masaƙa a Kakuri. Matarsa, Maman Talatu, ita ta yi mini kitson shiga makaranta.

Aikina karanta labaran Hausa a wani gidan talabijin da ke tsallaken gada. Kujerar da nake zama, Baba ya riga ni zama a kanta, tun hoto yana baƙi da fari. Yana cikin masu fassara na farko a gidan. Bai bar aiki ba sai da hawan jini ya shanye masa ƙafar hagu. Kafin in fara, ya koya mini ƙa'idoji biyu na gidan.

Ta farko: ba a watsa kaset sai editan da ke bakin aiki ya sa hannu a 'yar takardar da ke manne a bayansa. In labari ya tsufa, edita ya cire shi. Ta biyu: kada gilashi ya yi baƙi. A zamanin soja, in hoto ya ɗauke da rana tsaka, mutane sukan ce an yi juyin mulki, kasuwa ta watse. Saboda haka, ko me ya faru, injiniyan da ke ɗakin watsa shirye-shirye ya sa wani abu. Da mulki ya dawo hannun farar hula, watanni kaɗan kafin ranar, aka fara shirye-shiryen safe, aka kuma sake jaddada mana wannan ƙa'ida.

Ranar Lahadi ni na karanta labaran ƙarfe bakwai na yamma. Makonni ke nan gari yana ta jerin gwano, yau waɗannan, gobe waɗancan, kan wata doka da ake muhawara a kanta. Saura minti goma mu fara aka kawo takarda daga wani ofishin gwamnati, da Turanci. Ta ce an ɗauki matakan tsaro, babu abin fargaba, kowa ya zauna a gidansa, a yi watsi da jita-jita. A tsaye na fassara ta. Na karanta ta a ƙarshe. Daƙiƙa arba'in ta ɗauka. Aka naɗi labaran a kaset don a maimaita Litinin ƙarfe tara na safe, kamar yadda aka saba.

Ƙarfe tara Baba ya kalla. Ya ce na yi sauri a labari na uku.

Tara da minti ashirin da biyar na ji ƙarar farko. Daga nesa take, kamar an ci ƙwallo a filin wasa. Goma saura minti goma hayaƙi ya tashi ta wajen gada. Wani hayaƙin ya biyo baya ta wajen Kakuri. Ƙarfe goma motoci suka daina wucewa a babban titi. Masu acaba suna dawowa babu fasinja. Mai shagon bakin layinmu ya ja ƙofarsa ta ƙarfe, na ji ya sa kwaɗo biyu. Babu waya a gidanmu.

Goma da minti ashirin Baba Ayuba ya buga ƙofa. Ya ce samarin da suka tafi jerin gwano suna dawowa, wasu da jini a riga, suna cewa an kashe 'yan'uwansu a tsallake. Tsohuwar fijonsa tana bakin ƙofa, inji a kunne. Barikin soja tafiyar minti goma ce a mota.

"Malam, tashi mu tafi. Yanzu."

Baba ya ce a bari a ji abin da gidan talabijin zai ce.

Goma da rabi fuskata ta sake fitowa. Koren ɗankwalin jiya ne a kaina. Lokacin shirin manoma ne, ba lokacin labarai ba. Na gaya wa Baba kaset ɗin jiya ne. Ya ce ya sani. Ya nuna gilashin da sandarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana Binta ba.

"Uwata, ai ba zai fita ba sai edita ya sa hannu. In sun maimaita, sun bincika."

Ni ma na san ƙa'idar. Na ga hayaƙin da idona, na ji ƙarar da kunnena, amma na tsaya ina kallon kaina ina cewa babu abin fargaba. Na ɗan lokaci ni ma na yarda. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba.

Baba Ayuba ya tsaya a bakin ƙofa yana roƙo. Ya jira minti goma sha biyar. Ya fita ya kashe motar.

Sha ɗaya da minti biyar aka sake sa kaset ɗin. Baba ya gyaɗa kai. Sha ɗaya da kwata aka kunna taya a bakin layinmu, gaba da baya. Mota ba ta da sauran hanya. Bayan minti biyar aka fasa tagar farko, gida shida daga namu. Na ji ana jan adda a kan kwalta. Wani yana kiran sunayen masu gidaje, ɗaya bayan ɗaya. Mai kiran ya san layin.

Kan Baba Ayuba ya ɓullo ta saman katangar baya. Ya shimfiɗa buhu a kan fasassun kwalaben da ke samanta, ya zuro tsani, ya sauko.

"Binta! Kamo shi!"

Muka ɗaga Baba daga kujera, ni a hagu, Baba Ayuba a dama. Muka kai shi tsakar gida. Katangar ta fi tsayin mutum. Ya ɗora ƙafar dama a matakin farko. Ta hagu ba ta biyo ba. Muka gwada sau uku. A na uku ya faɗi, ya ja ni muka faɗi tare. A lokacin an fara dukan ƙofarmu ta gaba da wani abu mai nauyi.

"Ayuba, ɗauke ta! Uwata, hau!"

Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Na hau. Kwalba ta yanke mini tafin hannu, ban ji ba sai daga baya. Daga saman katanga na waiwaya. Ya ja jiki ya jingina da tankin ruwa. Yana gyara hularsa.

Sha ɗaya da minti talatin da biyar ina cikin ɗakin ajiyar Maman Talatu, a bayan buhunan masara, tare da wasu mata biyu na layinmu. Bango ɗaya ne tsakanina da tsakar gidanmu. Tagar falonmu a buɗe take. Ba mu kashe talabijin ba. Na ji muryata tana gaishe da masu kallo. Na ji ƙofa ta karye.

Na san tsawon kowane labari, don haka na san lokacin da kowane abu ya faru. A labari na farko, na zaman majalisa, suna falo suna kifar da kaya. A na biyu, na rabon taki, suka shiga ɗakuna. A na uku wani ya yi kira daga tsakar gida, takalma suka nufi can. A na huɗu na ji muryar Baba sau ɗaya. Kalmar shahada ce. Ya faɗe ta a hankali, kowane harafi a wurinsa. Hannun Maman Talatu yana kan bakina.

Sanarwar ta zo a ƙarshe. Na ji ta duka. Sai warin fetur. Sha biyu saura minti goma muryar ta yanke.

Baba Ayuba ya yi awa guda yana watsa ruwa a katanga da rufinsa don kada wutar ta tsallako. Ƙarfe biyu aka ce za a fara bincike gida-gida. Maman Talatu ta buɗe akwati ta fito da zannuwan zumuntar mata na cocinsu. Ta ɗaura wa matan biyu. Ni ce matsalar. Babu gida mai talabijin a unguwar da bai san fuskata ba. Ta ja mini ɗankwali har gira, ta ɗora mini ƙullin kaya a ka.

"Muryarki ma sun sani. Kada ki buɗe baki."

Biyu da minti ashirin muka fita ta lungu. Na kafa ido a dugadugan Maman Talatu. Duk da haka na ga keken ɗinki a tsakiyar titi. Na ga takalmin makaranta guda ɗaya. Na ga ƙafafun mutane suna leƙowa daga ƙarƙashin kwanon rufi. Mun wuce shinge biyu, ba a tsayar da mu ba. Na uku yana kusa da layin dogo. Mutum takwas ne ko tara, da gora da adda. Na san ɗaya. Shi ya ɗaura mana eriya a kan rufi.

"Ke! Ɗago kai!"

Na ɗago. Mai eriyar ya dube ni. Na ga lokacin da ya gane ni.

"'Yata ce!" in ji Maman Talatu. "Ba ta da lafiya! Matsa mana!"

Bai motsa ba. Na ƙirga numfashina, huɗu. Sai ya ja gungumen da suka tare hanya da shi da ƙafarsa.

"Ku wuce. Da sauri."

Huɗu saura minti ashirin muka shiga bariki. Filin ya cika. Zuwa la'asar sakaliya motocin soja suka fara sauke mutane daga tsallaken kogi, 'yan coci, waɗanda aka kora daga can kamar yadda aka kore mu daga nan. Raunukansu irin namu ne. Muka zauna a gindin mangwaro. Akwai talabijin a barandar kantin sojoji, an ƙure ƙara. Ƙarfe biyar fuskata ta fito. Matar da ke kusa da ni ta dubi gilashin, ta dube ni. Ta ja tabarmarta ta matsa.

Ranar Laraba Baba Ayuba ya zo da rakiyar soja. Ya ce wutar ba ta kai tankin ruwa ba. Da maharan suka watse ya tsallaka, ya naɗe Baba a zanen gadonsa, ya nemi wani maƙwabci suka shigo da shi ɗakinsa. Kwana biyu ya ajiye shi. An yi masa salla tare da wasu, an binne su da azahar. Ya miƙo mini sandar.

Bayan mako uku na koma aiki. Injiniyan da ke ɗakin watsa shirye-shirye ranar sunansa Bitrus. Ya shiga aiki ƙarfe biyar na asuba. Babu wanda ya zo bayansa. Editan Litinin bai iya fitowa daga unguwarsu ba. Waya ta mutu. Ɗakin ajiyar kaset a kulle yake, makulli yana wurin edita. Kaset biyu ne a kan teburinsa, na kiɗan gargajiya da nawa. Ya kulle kansa a ciki kwana biyu, ya riƙa sa wannan, ya cire, ya sa wancan, don kada gilashi ya yi baƙi. Gidansa yana arewa da kogi. Da ya fito, babu gidan, babu ƙaninsa. Da ya gan ni ya miƙe tsaye. Ya buɗe littafin aiki ya juyo mini shi. Sau goma sha huɗu ya sa nawa.

Yanzu ina zaune arewa da kogi. Baba Ayuba da Maman Talatu suna nan a gidansu. Sau biyu na je tun ranar, ban kwana ba.

Gidanmu ya ƙone. Littattafan Baba goma sha ɗaya sun ƙone, inda ya rubuta da hannunsa kowace kalma da ya nemo wa Hausa tun buɗe tashar. Hotonsa guda ɗaya a kan kujerar labarai yana ciki. Kaset ɗin ma babu shi. Ba mu da isassu, ana naɗar sabo a kan tsoho, kuma a makon da na koma aka naɗi wasan ƙwallo a kansa. Takardar bayansa kawai na roƙa aka ba ni. Akwai sunana. Akwai tsawon labaran, minti goma sha biyar. Editan Lahadi ya sa hannu a layi ɗaya: Litinin, ƙarfe tara. Sauran layukan babu komai.